Ya Meram da Malamar Numfashi

Duk wanda ya taɓa shiga siton ƙaro na Alhaji Zarami, nan bayan kasuwar hatsi ta Potiskum, ya san tabarmar farko ta bakin ƙofa. Shekara goma sha tara mace ɗaya ke zama a kanta, Ya Meram. Gajeriya ce, baƙa, mai faɗin kafaɗa. Ba ta da yawan dariya, kuma ba a taɓa jin ta ce wa shugaba ranka ya daɗe sau biyu a magana ɗaya ba.

Aikin sito ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Ana kawo ƙaro daga daji a buhuna, a cakuɗe: na itacen dakwara, na itacen farar ƙaya, ɓawon itace, yashi, kashin awaki, har da tsakuwar da masu wayo ke zubawa don buhu ya yi nauyi. Mata talatin ke zama a tabarmi, kowace da faifai a cinya, suna rarrabewa. Na dakwara shi ne lamba ɗaya, shi ake kaiwa ƙasashen waje, wai can a lemo da alewa suke zuba shi. In lokacin ƙaro ya wuce a koma riɗi, riɗi ya ƙare a koma zoɓo. Duk abin da matan nan suka tsince kuwa, sai ya bi ta faifan Ya Meram kafin a ɗinke bakin buhu. In ta ce ya yi, ya yi. In ta ture shi gefe da bayan hannu, mai shi ta sake zama ke nan, ko da kuwa 'yar'uwar Alhaji ce.

Iyayenta daga Borno suka zo tana goye. Ubanta koren shanu yake yi a kara, wato kasuwar shanu, uwarta kuma sussuka da shiƙa take yi wa mutane, a nan hannun Meram ya fara sanin bambancin ƙwaya da tsakuwa. Ta yi aure a unguwar Dogo Nini, gidan Modu direban tirela. Suka shekara ashirin da 'yan kai, ba kullum daɗi ba, ba kuma kullum faɗa ba, har ranar da motarsa ta kife da shanu a hanyar Kudu, aka kawo mata hularsa da agogonsa a leda. 'Yarsu ɗaya ce, tana aure a Bauchi, ɗaki ɗaya na haya. Dangin miji suka ce ta tattara ta koma wajen 'yar. Meram ta ce ba ta tsufan da za ta zauna tana jiran suruki ya dawo da cefane ba. Ran Laraba ta fita takaba, ran Asabar tana kan tabarmar sito. Wannan tabarma ita ta ciyar da ita, ita ta gyara mata rufin ɗaki, ita kuma ta sa in ta wuce a unguwa ake cewa sannu Ya Meram, maimakon a ce Allah sarki.

Shekara huɗu da suka wuce idanunta suka fara janyewa. Ba ciwo, ba ja, ba hawaye. Gefe da gefe ne kawai ya riƙa rufewa a hankali, sai ta ga mutum ya ɓullo a gabanta ba ta san ta inda ya zo ba. Da likitocin ido na kyauta suka zo gari ta je a ɓoye. Likitan ya haska, ya sake haskawa, ya ce ba yanar ido ba ce balle a kankare, hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, ga magani ta riƙa ɗigawa ko ragowar ta daɗe. Ta ƙulle kwalbar a bakin zane ta dawo.

Ba ta gaya wa 'yarta ba, don ta san washegari za a turo mota. Mutum ɗaya ta gaya wa, Fanne, maƙwabciyarta a unguwa, maƙwabciyarta kuma a tabarma. Fanne doguwa ce, bakinta ba ya hutawa, amma ranar aiki ta sa a gaba. Kasuwa ta shiga ta yanko yadi ruwan lemo, irin mai ƙona ido ɗin nan, ta ɗinka hijabi biyu. Matan sito suka yi ta yi mata tsiya, wai ta koma 'yar gyaran hanya. Ta ce su ƙyale ta, bazawari take nema, kuma so take ya hango ta tun daga tasha. Tun daga ranar kowace safiya hijabin nan na gaba, Meram na bin launinsa a baya, daga Dogo Nini har ƙofar sito, ta tsakanin keke da babur da kwata. In Malam Abbas manaja ya doso tabarmarsu, Fanne ta yi tari sau ɗaya, Meram ta ɗago ta gaishe shi kamar tun daga nesa take kallonsa.

Aiki kuwa bai ragu da komai ba. Dama ba ido ke tsintar ƙaro ba, sababbin zuwa ne kawai ke zaton haka. Na dakwara dunƙule yake, da tauri da santsi, in ya faɗa faifai ƙararsa daban. Na farar ƙaya in kin matsa da babban yatsa sai ya marmashe. Tsakuwa ta fi kowa sanyi da nauyi. Yatsun Meram sun san wannan tun kafin idon ya fara wasa, da idon ya ja baya ma sai suka ƙara kaifi. Abu ɗaya ke gajiyar da ita, kuma ba aikin ba ne. Kame fuska ne, daga safe har la'asar, tana yi kamar tana kallo. Wuyanta ya sandare, kafaɗunta kamar an ɗora mata turmi.

Bara, zafi ya fara shigowa, masu sayen ƙaro na waje suka aiko da sabon sharaɗi. Ba za su ƙara karɓar kaya ba sai an nuna musu takarda cewa ana kula da lafiyar ma'aikata, har da ta zuciya. Matan sito sun daɗe suna roƙon abu uku: fanka, ƙyauren banɗaki, da ƙyallen rufe hanci saboda garin ƙaro da ke sa su tari. Da labari ya bazu, Fanne ta ce to ga fanka nan tafe.

Sai ga Najiba. Yarinya ce 'yar shekara ashirin da bakwai, wani ofishi a Damaturu ya turo ta, da jaka a kafaɗa, da wata 'yar tabarmar roba a naɗe, da murya mai laushi kamar ta mai rarrashin jariri. Malam Abbas ya tara mata ya ce wannan malama za ta koya musu yadda ake rage gajiya da damuwa a wurin aiki, sau uku a mako, minti ashirin-ashirin. Wata ta tambaya a ina za a samo minti ashirin ɗin. Ya ce daga lokacin cin abinci.

Najiba ta ce abin sunansa yoga. Nan take aka tambaye ta ko shi ne wanda ake gani a fim ɗin Indiya, mutum ya naɗe ƙafa ya haɗa hannu. Ta rantse ba ruku'u ba sujada, ba kiran sunan kowa, daga ranar kuma ba ta sake faɗin kalmar ba, sai dai miƙa da numfashi. Ta nuna musu yadda za su ja iska ta hanci su ƙirga huɗu, su riƙe, su sake ta a hankali. Fanne ta ce, yadda kowa zai ji, "Shekara hamsin ina numfashi ba malami, ashe duk kuskure nake yi." Aka yi dariya, Najiba ma ta yi. Wannan dariyar da ta yi ita ta fara saye mata zuciyar matan.

A faɗi gaskiya, abin ya yi wa Meram daɗi. Miƙar ta sakar mata wuya, numfashin ya kwantar mata da bugun ƙirji. Amma abin da ya fi komai shi ne lokacin da Najiba za ta ce kowa ya rufe ido. Cikin shekara uku, a minti ashirin ɗin nan ne kaɗai duk siton ya zama daidai da ita. Ba wanda ke kallonta, ba wanda take yi wa kallon ƙarya. Sai ta saki fuskarta ta huta.

Hannunta ne dai bai san hutu ba. Najiba takan ce a ajiye faifai, kowa ya ajiye, ita kuwa nata na cinya, ido a rufe, yatsu na tafiya: dakwara dama, farar ƙaya hagu, tsakuwa a gwangwani. Wata rana Najiba ta lallaɓo ta tsuguna a gabanta tana kallo, ta ga ko ƙwaya ɗaya ba ta ɓata ba. Da aka buɗe ido ta gaya wa mata cewa abin da take ta ƙoƙarin koya musu ke nan, hankali da jiki a wuri ɗaya, ga shi Ya Meram ta riga ta iya. Ta nemi izinin ɗaukar hotonta a haka. Meram ta ce ta ɗauka, ba raguwa za ta yi ba.

Da yake an ci rabin lokacin abinci, mata kan yi ta ɗura loma da sauri. Najiba kuwa sai ta koma gefe ita kaɗai. Meram ta ji ƙarar leda kwana biyu a jere, ta gane biskit ne da ruwan sanyi. Ran na uku ta ce, "'Yar nan, taso. Wannan ba abinci ba ne, yaudarar ciki ce." Ta buɗe kwanonta, burabusko da miyar busasshiyar kuɓewa, ta tura shi tsakaninsu. Najiba ta wanke hannu ta sa. Daga nan duk ranar numfashi kwano ɗaya suke ci. Meram ta fara ƙara awo, ta fara sa man shanu, abin da ko don kanta ba ta yi. Fanne ta ce ta ga an yi sabuwar 'ya an manta da tsohuwar ƙawa. Meram ta ce ai ke kin ƙoshi da surutu.

A mako na biyar, mata sun fita alwala, su biyu suka rage a kan kwano. Najiba ta tsame hannu ta fara magana. Ta ce uwarta ta rasu a Maiduguri tana makaranta tana jarrabawar ƙarshe. Aka ɓoye mata har ta gama. Ta dawo gida da atamfa shuɗiya da ta saya wa uwar da kuɗin da ta tara, ta tarar har an yi sadakar bakwai. Atamfar tana nan a ƙasan akwatinta, ba ta iya ɗinkawa, ba ta iya bayarwa, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Ta yi kuka. Meram ta jawo kanta ta ɗora a cinya, tana shafa mata baya da hannun da bai taɓa miya ba.

To, a tarbiyyar da Meram ta tashi a ciki, in mace ta kwance miki cikinta ba kya barinta a haka ita kaɗai. Sai ke ma ki ba ta naki ta riƙe. In kika karɓi nata kika hana naki, kin nuna kin fi ta, kin mai da ita mai roƙo. Haka uwarta ta yi da ƙawayenta, haka ita ta yi da Fanne. Kwana biyu tana juya abin a ranta. Tana da sirrin da za ta iya bayarwa mai arha, irin su faɗan da suka taɓa yi da Modu, amma ta ga yarinyar ta ba ta uwa sukutum, ba zai yiwu ta mayar mata da ɗan guntun abu ba. Ba ta shawarci Fanne ba, don ta san abin da Fanne za ta ce.

Ran Laraba, bayan an watse, ta riƙe hannun Najiba.

"Kin san abin da ya sa nake tsinta ido a rufe? Don buɗewar ma ba ta ƙara mini komai. Duniya yanzu kamar mai leƙe ta kafar ƙyaure nake ganinta, kafar kuma kullum matsewa take. Ko fuskarki ban sani ba, muryarki na sani."

Ta gaya mata zancen likita, da kwalbar magani, da hijabin Fanne, da tarin nan guda ɗaya. Sannan ta ce amana ce ta ba ta, in ta fita tabarmar nan ta tafi.

"Ya Meram, abin da aka faɗa a nan, nan yake zama," in ji Najiba.

Wannan maganar kullum takan faɗe ta a farkon numfashi, amma ranar Meram ta ɗauka tata ce ita kaɗai. Ta koma gida bayan hijabin Fanne jikinta sakayau, har ta tsaya ta sayi rake.

Bayan mako uku aka rataya wani ƙaton ƙyalle a ƙofar sito. Hoton Meram ne a jiki, ido a rufe, faifai a cinya, fuska a sake. Maigadi ya karanta musu rubutun ƙasa: ma'aikatanmu cikin natsuwa. Mata suka yi ta tsokanarta, wai wace kujera take nema, su fara yi mata kamfen. Ta ce su yi aikinsu. Amma da za su tashi ta sa Fanne ta tsaya da ita a gaban ƙyallen, ta ɗaga kai tana bin sa kaɗan-kaɗan ta 'yar kafar da ta rage mata, har ta haɗa fuskar. Ta ce ashe haka ta tsufa. A ranta kuwa ta ji daɗi.

Ran Alhamis ɗin da ta biyo baya, bayan la'asar, Malam Abbas ya aiko a kira ta ofis, ita kaɗai. Ta san hanyar, matakala uku ce, sai ƙofa a dama. Ya ba ta kujera, abin da bai taɓa yi ba, ya tambayi gida, ya tambayi 'yarta ta Bauchi, ya yi ta juya takarda. Sannan ya ce malamar numfashi ta kai rahoton aikinta, kwafi ɗaya Damaturu, ɗaya wajen masu sayen kaya, ɗaya wajen Alhaji. Akwai wani wuri da ya shafe ta, zai fassara mata. Ya karanta cewa akwai wata dattijuwa mai duba kaya na ƙarshe kafin ɗinki, wadda ganinta ya kusa ƙarewa, ɓoyewar kuma na jawo mata matsananciyar damuwa, don ta ce duniya kamar mai leƙe ta kafar ƙyaure take ganinta.

Da ya fara, zuciyarta ta ɗan taɓa Fanne, Allah ya yafe mata. Da ya kai kan ƙyauren nan sai ta daina neman kowa. Kalmominta ne, ga su a bakin namiji, sun je Turanci sun dawo.

Ta ce masa ya kawo buhu ɗaya wanda ba a taɓa ba, ya zaɓi mata uku da ya fi yarda da idonsu, a raba huɗu, ya ɗaure mata fuska da rawani in ya so, a ga na wa zai fi fita. Ta tambaye shi ko cikin shekara goma sha tara an taɓa dawo da buhun da ya bi ta hannunta. Ya ce ba a taɓa ba.

"Ya Meram, tun bara waccan na sani," in ji shi. "Kina zaton ban lura da tarin Fanne ba? Mutum ya yi tari shekara uku, sai in na doso kawai? Maigadi ya sani, masu ɗinki sun sani, rabin matan nan sun sani. Ba wanda ya ce uffan, don kaya na fita daidai. Amma yanzu an rubuta. Gobe in aka tsinci tsakuwa ɗaya a can, ko ba ta hannunki ta bi ba, za su ce an gaya mana mun bar makauniya tana duba musu kaya."

Wannan ne karo na farko da wani ya kira ta da kalmar. Ta zauna tana jin nauyinta. Ashe duk shekarun nan da take kame fuska har wuyanta ya sandare, mutanen siton ne suka haɗu suka rufa mata asiri, kowa na yi kamar bai gani ba. Ba malami, ba takarda, ba minti ashirin. Sai ga wadda aka ɗauko musamman don ta sauke mata damuwa, ita ta yaye.

Malam Abbas ya ce Alhaji ya ba da atamfa da rabin buhun shinkafa, kuma yana yi mata fatan hutu lafiya. Ta bar atamfar a kan kujera. Ta sauko matakala uku, ta je ta ɗauki faifanta, don nata ne, daga gida ta zo da shi ranar farko. Tabarmar ta sito ce, ta bar musu. Fanne ta miƙe ta sa hijabi ta wuce gaba, ko izini ba ta nema ba.

Kwana huɗu bayan haka Ikhlas, 'yar ƙanwar Fanne mai aiki a wani gidan burodi a unguwar Hausari, ta zo yi mata jaje. Cikin hira ta ce su ma malamar nan tana zuwa musu, kuma abin tausayi ce, uwarta ta rasu tana jarrabawa, har yanzu atamfar da ta saya mata na cikin akwati. Meram ta tambaya wane launi. Ikhlas ta ce shuɗiya. Ta tambaya ko ta yi kuka da tana faɗa. Ikhlas ta ce sosai, har wata ta ɗora kanta a cinya.

Najiba da kanta ta zo ran Asabar da hantsi, sai da ta yi tambaya uku kafin ta gane gidan. Ta tarar da Meram a tsakar gida tana tsintar wake. Meram ta amsa sallama, ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa. Da yake an sauke abinci ta zuba mata, amma a faranti daban, da cokali, ta ajiye can gefe. Najiba ta kalli farantin ba ta taɓa ba.

Ta fara bayani. Ta ce a takardar rahoto akwai gurbin da dole a cike, na matsalolin lafiya da aka gano. Ta rubuta ne don a kai ta babban asibiti, a yi mata tabarau, a sauƙaƙa mata aiki. Har shawara ta rubuta a ƙasa, ba su bi ba. Ta je wajen Malam Abbas ta roƙa, ta kira Damaturu, an ce ba huruminta ba ne. Kuma wallahi ba ta sa suna ba.

"Mata nawa ke zama a tabarmar bakin ƙofa?" in ji Meram.

Meram ba ta jira amsa ba, ta ci gaba.

"Na ce miki ina neman tabarau? Na ce miki aiki ya yi mini yawa? Abu ɗaya na ce, ki riƙe." Ta watsar da tsakuwa a gwangwani. "Bar wannan. Zancen uwarki, gaskiya ne ko shi ma na aiki ne?"

Najiba ta rantse gaskiya ne, atamfar na nan, ko yau za ta iya kawo ta. Sai dai a wajen horo an koya musu cewa in kana so mutane su saki jiki, kai za ka fara buɗe naka. Ita kuma wannan ne nata.

"To, uwar taki ma, baiwar Allah, kin sa ta aiki ke nan," in ji Meram. "Ni da na ɗauka ni kika zaɓa."

Ta dangwarar da faifan har wake ya zube. Najiba ta matso, kuma da yake bakinta ya saba, sai ta ce, "Ya Meram, ja numfashi a hankali, ki ƙirga..."

"Numfashina kaɗai ba ki kai ofis ba. Bar mini shi."

Najiba ta tashi tana share hawaye. Meram ta ce ta gaida gida, kuma ta kula da kwatar bakin ƙofa, mai ido ma tana kayar da shi.

Har yau ana numfashi a siton Alhaji Zarami, sau uku a mako. Najiba ta nemi canji, aka turo wata. In ta ce a rufe ido, mata su rufe. In ta ce wa ke da abin da ke damunta, sai ka ji har ƙarar ƙuda. Malam Abbas ya ce rahoton bana ya fi na bara kyau, an rubuta cewa ma'aikata ba su da wani ƙorafi. Fanka ba ta zo ba. Ƙyauren banɗaki matan ne suka rataya buhu. Ƙyallen hoton yana nan a ƙofa, rana ta ɗan cinye launinsa, in baƙi sun zo a gabansa ake tsayawa a ɗauki hoto.

'Yar Meram ta zo daga Bauchi da mota, ta koma ba ita. Meram tana nan Dogo Nini, a zaure, tana tsintar wake da riɗi na maƙwabta, mai sallama ya ba da abin da ya sawwaƙa. Yanzu in ta wuce wasu kan ce Allah sarki, tana jinsu. Abin da ya fi ba ta haushi, in ƙirjinta ya yi nauyi sai ta tsinci kanta tana jan iska ta hanci tana ƙirga huɗu, kuma sai ta ji sauƙi. In ta farga sai ta tsaya, ta yi tsaki.

Fanne na nan da hijabinta ruwan lemo, ta ce yadin bai mutu ba, ba za ta yar ba. Ran nan da ta taso daga aiki ta biyo ta zaure, ta kwance bakin zane, ta zube wa Meram ƙaro cikin hannu a faifai. Ta ce daga buhun lamba ɗaya ta ɗebo, wanda sabuwar mai tabarmar bakin ƙofa ta riga ta duba, yarinya mai ido garau, gobe za a ɗinke. Meram ta bi shi da yatsu sau ɗaya. Ta ware na farar ƙaya guda uku, da tsakuwa ɗaya da ƙaro ya lulluɓe, ta ajiye su a tafin Fanne. Fanne ta ce bari ta kai wa Malam Abbas ta zube masa a tebur, ya ga abin da ya yi wa kansa.

Meram ta rufe mata hannun da nata.

"Ki kai wa yarinyar, ba shi ba. Ki ce ta riƙa matsawa da babban yatsa, kada ta yarda da ido. Kuma ki gaya mata a hanya, inda ba mai biro."